Iskar da Ma'azu Ya Bari a Leda

Da la'asar ɗin wata Talata aka fito da gawar Ma'azu daga ɗakin ajiyar kaya na Alhaji Badamasi a Xintang, gefen birnin Guangzhou. A kwance aka same shi tsakanin dilolin wandon jins, ba rauni, ba jini. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɗan ƙanwar Alhajin, shi ya kawo shi daga Kano don ya riƙa liƙe masa wanduna a leda kafin a loda su a kwantena. Likitocin ƙasar suka duba suka ce hayaƙi ne ajalinsa, irin iskar nan da wuta ke fitarwa idan ta ci a rufaffen wuri, wadda ba ta da launi ba ta da wari.

Da aka ce hayaƙi, kowa ya dubi ƙasan benen. A nan Ismaël yake, mutumin Damagaram, mai gasa tsire da balangu ga 'yan kasuwarmu da ke zuwa sarin wanduna. Bututun tukubarsa ya bi jikin bango ya wuce daf da tagar ɗakin. Aka kuma tuna sun taɓa cacar baki da marigayin a kan hayaƙin nan. Kafin magariba 'yan sanda sun tafi da shi, ko ƙuli-ƙulin hannunsa bai wanke ba.

Ta inda katanga ta gajarta ake haurawa. Ismaël ba shi da dangi a ƙungiyar 'yan kasuwa, ba shi da takardar izinin sayar da abinci. Mutanen da jiya suke lasar yatsa a gaban tukubarsa, su ne yau suke cewa da ma sun ga rashin imani a idonsa. Wasu har suka ce da gangan ya karkata bututun. Idan maganar ta tabbata, shekaru zai yi a gidan yarin ƙasar da ba ya jin yarenta.

*

Washegari matarsa Shatu ta hau bas ta zo titin Huanshi Lu neman Maidaji.

Maidaji ɗan maharba ne daga dajin Ningi. Ya bi sawun gada da na ɓarayin shanu tun kafin gemunsa ya fito, rayuwa ta juya da shi har ta jefo shi Guangzhou. Sana'arsa a nan nemo kayan da suka ɓace tsakanin masana'anta da tashar jirgin ruwa. Ba ya dariya da yawa, kuma ba ya sayen magana a bakin mutum sai ya ga inda ta taka.

Shatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce shekara da shekaru mijinta yana hura wutar nan, ko ɓera bai taɓa mutuwa a saman benen ba. Ta ce ta je wurin manyan ƙungiya, sun ce ta je ta yi ta addu'a.

Maidaji ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "'Yata, ki ji da kyau. Ni sawu nake bi, ba mutum ba. In ya kai ni ƙofar mijinki, a gabanki zan faɗa. Kin yarda?"

Ta ce ta yarda, Baba.

*

Ya fara da zaman makoki. Alhaji Badamasi yana zaune a tsakiyar mutane, ido ya yi ja, carbi a hannu. Ya ce ranar ya tafi kasuwar Canaan tun da hantsi, ya bar yaron yana aiki. Da ya dawo ya tarar da ƙofa a saye, tagogi a buɗe, hayaƙin tsire ya cika ɗakin. Ya yi kuka na gaske, wannan Maidaji bai yi shakkarsa ba. Amma tsakanin gaisuwa da gaisuwa sai Alhajin ya juya gefe ya kira mai mota a waya, yana tambaya ko za a iya kwashe kayan kafin ƙarshen mako. Ya ce ba ya son ganin ɗakin kuma. Mutane suka ce Allah sarki, ai dole.

Daga nan Maidaji ya wuce Xintang. Ya ari tsani ya hau ya duba bututun Ismaël, ya tarar da tsaga a gwiwarsa, baƙin hayaƙi ya yi zane a bango har gindin tagar. Ya sauko ya gaya wa Shatu ba tare da ya sassauta ba. Ta riƙe bakin mayafinta.

Akwai kuma hita mai aiki da gas a banɗakin da ke jikin ɗakin ajiyar. Ya tambayi matar da ke da ginin ko tana aiki. Ta kaɗa hannu tana cewa meyo, meyo, wato babu, ta daɗe da mutuwa. Ya shiga ya murɗa, wuta ta kama nan take, harshenta ja maimakon shuɗi. Lawban ɗin, wato mai ginin, ta fara zuba magana da sauri kamar ana cinikin kifi. Tsoro ne ya sa ta ƙarya, amma tsoron me, bai sani ba tukuna.

Sai ya zama wuta biyu ake zargi, kuma kowacce tana iya kisa. Hayaƙi kuwa ba ya barin sawu a ƙasa.

*

Lokacin nan ne na shekara da bango ke gumi a Guangzhou. Iskar kudu ta kawo laima, madubi ya yi hazo, tufa ba ta bushewa, fumfuna ta kama takalmi a cikin akwati. Ba mai hankalin da ke wanke daɓe a irin wannan lokaci, don sai ya kwana bai bushe ba.

Daɓen ɗakin ajiyar a wanke yake tas. Maidaji ya shiga ne da sunan taya masu lodi duba dila, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Ya shafa gefen taga, yatsansa ya manne. Danƙon salatif ne, ya zagaye kowace taga ta kusurwa huɗu, an ɓare shi kwanan nan, ko ƙura bai kama ba. Wanda ya ce ya tarar da taga a buɗe bai faɗi wanda ya liƙe ta ba. Ɗakin yana wari, amma duk Xintang wari take, na rini da na sinadarin wanke jins, hanci ba ya raba su.

Sai ya je inda injin liƙe leda yake, inda aka ce an sami yaron. Aikin Ma'azu yana nan a jere. Ledojin masu kauri ne, irin na tafiyar teku. Ƙa'idar aikin, ka sa wando, ka danne da gwiwar hannu iska ta fita, sannan ka liƙe baki. Na farkon jerin a shafe suke kamar an yi musu guga, layin liƙin a miƙe. Daga tsakiya layin ya fara karkacewa. Na ƙarshen kuwa a kumbure suke kamar cikin kwaɗon rafi. Hannun da ya liƙe su ya riga ya rasa ƙarfin dannewa, amma bai daina aiki ba.

Maidaji ya tsuguna a gabansu. Ya taɓa bin sawun dabbar da aka harba, ya san yadda taku ke gajarcewa. Ya ɗauki leda ɗaya mai kumburi da ɗaya shafaffiya ya sa a jakarsa, ya ture sauran bayan injin inda masu lodi ba za su kai ba.

A ƙofar da ke fuskantar ɗakin akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke wuni tana yanke zaren da ya yi saura a jikin wanduna. Ya gaishe ta da ɗan yaren kasuwar da ya iya, ya tambaye ta ko ƙofar can a buɗe take ranar Talata. Ta ce a'a, kwaɗo ne rataye a waje tun safe, kamar kullum, har mai ɗakin ya dawo. 'Yan sanda ba su tambaye ta ba, ita kuma ba ta ga abin faɗa ba.

Maidaji ya san wannan kwaɗon, duk wani Bahaushe a garin ya san shi. Yaron da bizarsa ta ƙare, a ɗaki yake aiki, ubangidansa ya kulle shi ta waje. Masu bincike in sun zo suka ga kwaɗo, sai su ce ba kowa, su wuce. Rufin asiri muke kiransa.

*

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai wata yarinyar Zariya, Radiyya, da ke karatun digiri na uku a wata jami'a a garin, aikinta auna abin da ke cikin hayaƙin inji da na murhu. Maidaji ya taɓa nemo mata akwatinta da ya ɓace a filin jirgi. Ya kira ta ya ce yana da iska a leda, ko tana iya gaya masa wutar da ta haife ta.

Ta ce tana iyawa in bai ɓata lokaci ba, don leda ba kwalba ba ce, a hankali take saki. Ta nemi izinin malaminta, ta biyo shi Xintang da wasu jakunkuna masu kamar azurfa. Shatu ta hura tukubar mijinta ta ɗora nama, Radiyya ta ɗebi hayaƙin daga bakin tsagar bututun. Ta ɗebi na hitar banɗaki, lawban tana tsaye tana harara.

A ɗakin gwajin ta nuna masa na'urar. Wani bututun ƙarfe ne mai madubai a ciki. Ta ce ana zuba iskar a ciki, a harba wani haske da ido ba ya gani ya ratsa ta. Kowace irin iska akwai yankin hasken da take shanyewa, nata ne ita kaɗai, ba ta taɓa cin na wata. Abin da ya tsira ya fita ɗaya gefen, kwamfuta ta zana shi, sai ka ga tudu a inda aka ci. Wurin tudun ya gaya maka wace iska ce, tsayinsa ya gaya maka yawanta.

Maidaji ya ce to, ashe turɓaya ce aka share, kowa ya wuce sai ya taka. Ta yi murmushi ta ce kusan haka ne, Baba.

Ta fara da hayaƙin Ismaël. Ta nuna masa tudun iskar da ke kisa, da wasu ƙananan tuddai da ta ce na kitse ne idan ya ɗiga a garwashi. Na hita ya fito da iskar kisan shi ma, kaɗan, ba kitse. Sannan ta soka allura a kumburarriyar ledar, ta zuƙe abin da ke ciki a hankali.

Zanen ya fito. Tudun iskar kisan ya haura duk na baya. Na kitse babu ko alama. Amma can gefe ga wani tudu da bai fito a tukuba ba, bai fito a hita ba. Ta yanka shafaffiyar ledar ta gwada warin wandon kansa, ko rini ne, ba ta same shi ba.

"Wannan sai an ƙona farar wuta ake samunsa," ta ce. "Gawayi da farar wuta, a cikin ɗakin, kuma ɗakin a rufe. Abin da ban gane ba, me zai sa mutum ya ƙona farar wuta a ɗakin kaya?"

"Fumfuna," in ji Maidaji. "Haka ake turara yadi a gida in ya sha damina."

Ya daɗe yana kallon ledar da ta lotse a kan tebur. Radiyya ta ce gwajinta ba shaidar kotu ba ne, amma in akwai sauran ledojin, 'yan sanda suna da irin na'urar, kuma abin da ta gani shi za su gani. Ya ce akwai.

*

Bayan sallar Juma'a aka taru a saman wani gidan abinci kusa da unguwar Xiaobei don yi wa marigayin addu'a. Alhaji Dogara, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, shi ke gaba. Alhaji Badamasi yana damansa. Maidaji ya shigo da Shatu da Radiyya a bayansa, aka fara kallon-kallo, don ba a gayyaci matar mai laifi ba.

Da aka shafa, ya nemi izinin magana. Bai ɗaga murya ba. Ya faɗi tsagar bututun Ismaël, ya faɗi ƙaryar da lawban ta yi don tsoron a ɗora wa hitarta laifin, har mutane suka fara gyaɗa kai. Sannan ya ce an auna hayaƙin duka biyun, ba su ba ne. Radiyya ta bayyana abin da hasken ya nuna, a taƙaice. Sai Maidaji ya juya ga Alhaji Badamasi.

"Alhaji, ka ce ka tarar da ƙofa a saye. Wa ya cire kwaɗon?"

Alhajin ya ce shi fa yana cikin makoki, ba zai zauna wani maharbi ya tuhume shi ba. Maidaji ya ce gaskiya ne. Ya tambaye shi wa ya liƙe tagogin, wa ya wanke daɓen, kuma ina kaskon yake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Carbin ya tsaya a hannun Alhajin. Ya dubi Dogara, Dogara ya dubi ƙasa.

Da ya buɗe baki, muryarsa ta zama ta wani tsoho. Ya ce kayan sun yi fumfuna, in suka isa Kano a haka ba mai taɓa su. Ya hura gawayi a kasko ya barbaɗa farar wuta kaɗan, ya liƙe tagogi don kada hayaƙin ya tsere, kada kuma lawban ta ji. Ya ce wa yaron ya koma can ƙurya ya ƙarasa liƙi, ya sa ƙyalle a hanci, yanzu zai dawo. Ya rataya kwaɗo kamar yadda ya saba. Ciniki ya riƙe shi a Canaan.

"Tun ina yaro nake turara kaya a Kantin Kwari," ya ce. "Ko kyanwa ba ta taɓa mutuwa ba."

"A Kwari rufin shagonka kwano ne, iska na shiga ta ko'ina," in ji Maidaji. "Kuma a Kwari ba ka kulle mutum a ciki. Wannan kuskure ne, Allah ya san kuskure. Amma ka dawo ka gan shi a kwance, ka tsaya ka ɓare salatif, ka wanke ƙasa, ka kai kasko juji, sannan ka yi kururuwa. Aka tafi da bawan Allah a gabanka kana kallo. Wannan ba kuskure ba ne."

Alhaji Dogara ne ya karɓi maganar. Ya ce abin da ya faru ya faru, Alhaji zai gamu da Ubangijinsa. Amma a duba: in maganar kwaɗo ta shiga kunnen hukuma, duk ƙofar da ke da kwaɗo daga Xiaobei zuwa Sanyuanli sai an ɓalle ta. 'Ya'yan mutane da yawa za a kwashe. Ya ce a nema wa Ismaël lauya mai kyau, a riƙe iyalinsa, a bar maganar a ɗakin nan. Da yawa suka ce wannan ita ce maslaha. Har wani ya ce ai da ma mutumin ba shi da izinin gasa nama, ko ba wannan ba zai shiga hannu.

Daga inda take zaune a bakin ƙofa Shatu ta ce, "Alhaji, shi ma ɗan mutane ne."

Dogara ya ce wa Maidaji ya yi tunani, shi babba ne, ya san abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Maidaji ya miƙe ya gyara hularsa. Ya ce ya yi tunanin tun jiya. Ya ce ga shi yana faɗa a gaban kowa, gobe da safe zai raka matar nan ofishin 'yan sanda, ya nuna musu inda ledojin suke. Duk mai yaro a bayan kwaɗo yana da daga yanzu zuwa safiya ya san yadda zai yi da shi. In Alhaji Badamasi ya riga su zuwa da ƙafarsa, ya fi masa.

Alhajin bai riga su ba. A filin jirgi aka tare shi.

*

Abin da Dogara ya faɗa ya faru. Aka yi makonni ana ɓalle ƙofofi, aka kwashe samari, wasu ko takalmi ba su ɗauka ba. Iyayen gidansu ba wanda ya ce laifina ne. Laifi tudu ne. Sunan Maidaji aka riƙa kira, ana cewa tsohon da ya sayar da 'yan'uwansa saboda mai tsire. Aka daina ba shi aiki. A masallaci mutum ya idar da salla kusa da shi, ya ba na hagu hannu ya tashi.

An wanke Ismaël daga kisa. Amma maganar gasa nama ba izini tana nan, aka soke takardunsa, daga inda ake tsare da shi aka wuce da shi jirgi. Shatu ta sayar da abin da ya sayu, ta bar sauran.

Ranar da za ta tafi ta biyo ta Huanshi Lu ta yi wa Maidaji sallama. Ya tambaye ta mijin. Ta ce ya isa Damagaram, ya rame, amma yana cikin 'yan'uwansa. Ya tambaye ta ko cikin waɗanda suka kira shi mai kisa akwai wanda ya zo ya ba ta haƙuri.

Ta ce mutum ɗaya ya zo. Tambaya ya yi ko za ta sayar masa da wayar gasa naman.

Maidaji ya ɗauki jakarta, ya raka ta bakin titi.